Ƙarshen shekarar karatu a kwalejin Katolika: misalin La Flèche (1604-1762) da abin da lakwal ta gada

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa lakwal a ƙasar Nijar ya san yadda makaranta ke sake kama idan zangon karatu ya kusa ƙarewa. A jera jarrabawar kompozisiyon, malamai su duƙufa ga gyaran takardu da lissafin matsakaicin maki, majalisar malaman aji ta zauna, sa'annan a kira yara ɗaya bayan ɗaya, daga na farko har zuwa na ƙarshe. A ƙarshen shekara kuwa hukunci iri uku ne ke jiran ɗalibi, wato ko ya wuce aji na gaba, ko ya maimaita, ko a kore shi. Saboda sabo, mukan ɗauka haka karatu yake tun fil azal. Amma ɗan kwatanci da makarantar allo ya isa ya nuna mana akasin haka. Almajiri yana wanke allonsa ne ranar da ya riƙe karatunsa, kuma saukar Alƙur'ani tana zuwa wa kowa a nasa lokaci. Babu wata rana guda da ake tara almajirai duka a auna su da mudu ɗaya. Ke nan ƙarshen shekara abu ne da aka ƙirƙira, yana da mafari, yana kuma da tarihi.

A cikin wannan maƙala za mu bi sawun wannan al'ada zuwa ɗaya daga cikin wuraren da ta kafu, wato kwalejojin ƙungiyar Jezuwit ta ɗariƙar Katolika a ƙasar Faransa. Mun ɗauki kwalejin La Flèche a matsayin misali, daga buɗe ta a 1604 zuwa fitar da Jezuwit daga cikinta a 1762. Abin da muke son nunawa shi ne, ƙarshen shekara a irin wannan kwaleji ya ƙunshi ma'auni biyu waɗanda aka raba da gangan. Na farko gasa ce ta bainar jama'a, mai auna aikin yini guda ba tare da sanin mai shi ba. Na biyu hukunci ne na cikin ɗaki, mai duban yaron kansa da tafiyar da ya yi a tsawon shekara. Makarantar gwamnatin Faransa, wadda tamu ta fito daga tsatsonta, ta kusan narkar da ma'aunan nan biyu cikin lamba ɗaya, kuma hakan ya shafi yadda muke fahimtar ci gaban ɗalibi.

1. Kafuwar kwalejin da dokar da ta bi

Fafaroma Bulus na III ne ya amince da ƙungiyar Jezuwit a 1540. Wanda ya kafa ta, Ignace de Loyola, mutumin Sipaniya ne da ya yi karatu a Pari daga 1528 zuwa 1535. A can ne shi da abokansa suka ga wani salon koyarwa da ya shiga ransu: a raba ɗalibai aji-aji gwargwadon saninsu, kowane aji da malaminsa da littafinsa, kada wani ya hau mataki sai an jarraba shi, a kuma yawaita aikin rubutu da maimaici. Ba su ne suka ƙago salon ba, domin kwalejojin Pari sun riga su, haka ma makarantar da Jean Sturm, ɗan Furotesta, ya buɗe a Strasbourg a 1538. Gudummawar Jezuwit ita ce rubuta shi dalla-dalla da yaɗa shi ƙasa-ƙasa. Sun buɗe kwalejin Messina, cikin tsibirin Sisiliya, a 1548, ta Roma ta biyo baya a 1551. Bayan gwaji na rabin ƙarni da daftari biyu, na 1586 da na 1591, shugaban ƙungiyar Claudio Acquaviva ya fitar da dokar karatu ta bai ɗaya a 1599, wadda aka sani da sunanta na Latinanci, Ratio studiorum. Kundi ne na ƙa'idoji zalla, kowane mai muƙami da nasa kaso: shugaban lardi, shugaban kwaleji, mai kula da karatu, malamin kowane aji, har da ɗalibai. Daga cikinsa za mu ciro yawancin bayanan da ke tafe.

A Faransa ƙungiyar ta sha faɗi-tashi. A watan Disamba na 1594 wani matashi mai suna Jean Châtel, wanda ya taɓa karatu a kwalejinsu ta Pari, ya kai wa Sarki Hanri na IV hari da wuƙa, sai babbar kotun Pari ta kore su. Sarkin da kansa ne ya maido su bisa dokar Rouen ta watan Satumba na 1603, ya kuma ba su gidan sarautarsa da ke La Flèche, wani ƙaramin gari a bakin kogin Loir cikin lardin Anjou, don su mai da shi kwaleji. An fara karatu a watan Janairu na 1604, kuma cikin ƴan shekaru ɗalibai suka haura 1000. Mafi yawansu ƴan jeka-ka-dawo ne da ke sauka a gidajen mutanen gari. Karatun kyauta ne. Ɗaliban kwana kaɗai ke biyan kuɗin ci da makwanci.

Dangantakar kwalejin da sarauta ta shiga har cikin kalandarta. Hanri na IV ya nemi a ajiye zuciyarsa a La Flèche bayan mutuwarsa. Da aka kashe shi ranar 14 ga Mayu 1610, aka kawo zuciyar a watan Yuni, daga nan kuma bikin tunawa da shi ya zama na shekara-shekara. A bikin 1611, cikin waƙoƙin da aka gabatar har da wadda ta yabi Galileo kan gano watannin duniyar Mushtari da ya yi a shekarar da ta gabata, abin da ke nuna cewa labarin sabon ilimi yana isa kwalejin da wuri.

2. Tafiyar shekara: aji, karawa da hutu

Dokar 1599 ta tsara ƙananan azuzuwa biyar: uku na nahawun Latinanci da Girkanci, ɗaya na adabi, ɗaya na balaga. Ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa, wato ajin balaga shi ne na ɗaya, na adabi na biyu, na nahawu kuwa na uku da na huɗu da na biyar, wasu kwalejojin su ƙara na shida don masu farawa. Bayan balaga sai falsafa ta shekara 3, wadda ta haɗa manɗiƙi da ilimin halitta da lissafi, sa'annan ilimin addinin Kirista na shekara 4 ga masu niyyar limanci.

Zango uku irin wanda muka sani bai cikin wannan tsari. An raba shekara gida biyu ne. A rabin farko malamin nahawu zai ƙure littafin ajinsa, a rabi na biyu ya sake ɗauko shi daga farko. Hikimar ita ce, yaro mai kaifin basira yana iya hawa aji na gaba a tsakiyar shekara bayan an jarraba shi, mai nawa kuwa ya ji darasi sau biyu kafin a yi masa hukunci.

Ƙananan azuzuwan a cike suke maƙil. A manyan kwalejojin Faransa ba abin mamaki ba ne a sami yara fiye da 100 gaban malami ɗaya. Dabarar da aka yi ita ce raba aji rundunoni biyu, sau da yawa da sunan mutanen Roma da na Kartaj, kowace runduna kuma a kasa ta goma-goma, da shugaban goma mai karɓar hadda da tattara aikin gida. Kowane ɗalibi yana da abokin karawa a ɗaya rundunar, wanda aikinsa shi ne ya cafke kuskurensa ya gyara. Duk wata ɗaya ko biyu a yi jarrabawar rubutu, waɗanda suka yi fice su sami muƙamai da aka aro daga tsohuwar daular Roma, da wurin zama na girma. Wannan jarrabawa ita ce kakar kompozisiyon ɗinmu. Game da bulala kuwa, dokar ta hana malami ɗan ƙungiya ya doki yaro da hannunsa. Akwai wani ma'aikaci na waje da aka ɗauka don wannan aiki, kuma an fi son a ja yaro da kwaɗayin girma da tsoron kunya. Émile Durkheim, a darussan da ya bayar a Pari kan tarihin tarbiyya a Faransa, waɗanda aka buga a 1938, ya tsaya kan ginshiƙai biyu na tarbiyyar Jezuwit, wato kusancin malami da ɗalibi a kullum, da hura wutar gasa. A ƙarshen shekara ne ginshiƙan nan biyu ke fitowa fili, kowane ta ƙofarsa.

Babban hutu shi ma ma'auni ne na girma. Ɗaliban falsafa da na ilimin addini suna samun wata 1 zuwa 2, ajin balaga wata 1, na adabi mako 3, babban ajin nahawu mako 2, sauran ƙananan azuzuwa mako 1 tak. Ke nan gwargwadon hawan ɗalibi, gwargwadon amanar da ake ba shi ta ya zauna nesa da idon malami. A Faransa an saba kammala shekara cikin watan Agusta ko na Satumba, manya su riga ƙanana tafiya gida, a koma karatu a watan Oktoba.

3. Gasar kyaututtuka da wasan kwaikwayo

Rabon kyaututtuka shi ne fuskar da kwaleji ke nuna wa gari. Dokar ta yarda a yi shi sau ɗaya a shekara, bisa sharaɗin cewa wani babban mutum ne zai ɗauki nauyin kuɗin, a kuma ambaci sunansa a wurin biki. Kyautar littafi ce, sau da yawa mai bangon fata da tambarin mai bayarwa, da shaidar da mai kula da karatu ya sa wa hannu a ciki. An ƙayyade adadin: ajin balaga kyauta 8, wato biyu-biyu a zube da waƙa na Latinanci da zube da waƙa na Girkanci, ajin adabi da babban ajin nahawu 6, ƙananan azuzuwa 4, a ƙara da ta wanda ya fi haddace koyarwar addini. Idan muka tuna yawan yaran da ke aji, za mu ga cewa masu komawa gida da littafi ƴan ƙalilan ne.

Abin lura shi ne tsananin da aka yi wajen ɓoye sunan mai takarda. Kowane fanni da ranarsa. Da zarar an ba da batu, ba fita ba magana. Wanda ke son ƙarin lokaci yana iya zama har faɗuwar rana, muddin bai bar ɗakin ba. Ɗalibi ba ya rubuta sunansa a kan aikinsa, sai wata alama da ya zaɓa wa kansa. A wata takarda dabam ya rubuta alamar da cikakken sunansa, ya liƙe ta. Alƙalai uku ne, ɗaya daga cikinsu yana iya zama mutumin waje, kuma ba su san takardar wa suke karantawa ba. Har matakan raba gardama an jera su: kyan salo ne kan gaba ko da rubutun gajere ne, in an yi kunnen doki a dubi tsawo, sai ƙa'idar rubutu, sai kyan hannu, in duk an yi daidai a raba kyautar ko a ninka ta ko a jefa ƙuri'a. Ranar biki, gaban iyaye da manyan gari, mai shela zai kira wanda ya yi nasara, a miƙa masa littafinsa, a rera masa ƴan baituka, sa'annan a ambaci waɗanda suka kusa.

Ana haɗa bikin da wasan kwaikwayo. Dokar ta so wasannin su zama da wuya ake yin su, cikin Latinanci, kan batun addini, ba tare da fitowar mata ba. A aikace abin ya zarce haka, musamman a kwalejin Louis-le-Grand ta Pari, inda wasan watan Agusta da raye-rayensa suka zama taron da manyan birni ke halarta. A La Flèche, cikin shekaru 20 na farko, malamai irin su Denis Pétau da Nicolas Caussin da Pierre Musson sun rubuta wasannin da ɗalibai suka fito da su, kuma a 1614 an yi wasa gaban Sarki Luwi na XIII da ya kawo ziyara. Ga malaman, dandali aji ne na biyu. Yaron da ya yi shekaru yana haddar ƙa'idojin balaga zai tsaya gaban taro ya sarrafa murya da hannu da tsayuwa, abin da zai buƙata in ya zama lauya ko alƙali ko mai wa'azi. Ga iyaye kuwa, ranar ce suke gani da idonsu cewa ɗan da suka kawo yana in-ina ya zama mai iya magana gaban manya.

Duk da armashinta, gasar ba ta da ta cewa kan wucewar ɗalibi zuwa aji na gaba. Tana auna takarda ne, kuma dukan darajarta ta dogara ga rashin sanin yaron.

4. Jarrabawar wucewa da kundin malami

Hukuncin wucewa ya bi wata hanya dabam, kuma ya faro tun farkon shekara. Dokar ta wajabta wa kowane malami ya miƙa wa mai kula da karatu jerin sunayen ɗalibansa, ya riƙa sabunta shi, ya kuma tace shi sosai gab da jarrabawa. A cikin jerin zai rarrabe yara hawa shida: mafifita, nagari, matsakaita, waɗanda ake shakka a kansu, waɗanda za a riƙe a ajin, da waɗanda za a sallama, yana iya nuna hawan da lamba daga 1 zuwa 6. Wannan yana cikin tsoffin misalan ba ɗalibi lamba a tarihin makarantun Turai. Sai dai lambar ba jimillar maki ba ce. Taƙaitaccen ra'ayin malami ne bayan zaman shekara guda da yaro. Kundayen kwalejojin Faransa da suka tsira sun nuna gurabe dabam-dabam da ake cikawa, kamar shekarun yaro, da daɗewarsa a aji, da basira, da ƙwazo, da halayya, da zuwa makaranta, sa'annan hukuncin malami da na masu jarrabawa.

Jarrabawar kanta kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, mai ƙa'idojin da duk wanda ya taɓa tsaron jarrabawa zai gane su: a zo da wuri da kayan rubutu, a yi shiru, a yi hattara da maƙwabcin zama domin takardu biyu masu kama da juna duka abin zargi ne, mai fita ya bar takardarsa a hannun mai tsaro. A nan ɗalibi yana rubuta cikakken sunansa. Sai ta baka, gaban mutum uku, wato mai kula da karatu da wasu masana biyu. Yara su shigo uku-uku. Masu jarrabawa su fara duba kundin malami, sa'annan kowane yaro ya karanta wani sashe na abin da ya rubuta, a nuna masa kuskure ya gyara da kansa tare da faɗin ƙa'idar da ya karya, a ba shi jimla ya juya zuwa Latinanci nan take, a tambaye shi darussan shekara. Da sun fita a yi ƙuri'a tun abin bai huce ba, bisa la'akari da abu uku: takarda, da amsar baka, da hukuncin malami.

Inda dokar ta fi tsawaita bayani shi ne kan waɗanda ake shakka a kansu. Mai kula da karatu zai nemi ayyukansu na yau da kullum daga lokuta dabam-dabam na shekara, a sake jarraba su in da hali, a kuma dubi shekarunsu, da tsawon zamansu a ajin, da basira, da ƙwazo. Wanda bai cancanta ba sam, an hana sauraren roƙo a kansa. Wanda ke kan iyaka amma shekarunsa sun ja, ana iya ɗaga shi bisa sharaɗin in ya yi sakaci a maido shi baya. Wanda kuwa ba zai amfana da hawa ko da zama ba, sai a shawarci shugaban kwaleji, a sanar da iyayensa cikin ladabi, a sallame shi. Ana riƙe sakamako a asirce har ranar karanta jerin waɗanda suka wuce.

A nan, saɓanin gasa, sanin yaron shi ne jarin hukunci. Tambayar ita ce ko wannan yaro, a yadda aka san shi, zai iya ɗaukar karatun gaba.

5. Wane irin ci gaba?

Kada kyan tsari a takarda ya rufe mana ido. Binciken François de Dainville a kan rajistocin ɗalibai, musamman na kwalejin Châlons, da littafin Philippe Ariès na 1960 kan yaro da iyali, sun nuna cewa aji a ƙarni na 17 matakin sani ne, ba rukunin tsara ba. Ana samun ɗan shekara 10 da saurayi mai shekara 18 a benci ɗaya, kuma sai a hankali, cikin ƙarni na 18 da na 19, shekarun haihuwa suka daidaita da aji. Rajistocin sun kuma nuna ƴaƴan ƴan kasuwa da masu sana'a da manoma masu hali a gefen ƴaƴan sarauta da na alƙalai, amma azuzuwan suna tsukewa in ana hawa, da yawa suna barin karatu tun kafin balaga. Ƙarshen shekara rariya ce tun a lokacin. Ƴan mata ba su cikin lissafi ko kaɗan. Kuma ko a zamanin akwai masu sukar gasar, irin malaman ƙananan makarantun Port-Royal, waɗanda ke ganin tana shuka girman kai.

Shahararren ɗalibin La Flèche, René Descartes, ya ba mu damar ganin abin daga ɓangaren yaro. An haife shi a 1596, ya shiga kwalejin yana da shekara 10 ko 11, ya yi kimanin shekara 8 a cikinta. Marubucin tarihinsa Adrien Baillet ya ruwaito a 1691 cewa saboda rashin ƙoshin lafiyarsa an bar shi yana daɗewa a kwance da safe, misalin sassaucin da sanin yaro ke haifarwa. A littafinsa na 1637 kan hanyar amfani da hankali, Descartes ya lissafa kwalejin cikin manyan makarantun Turai, ya nuna ba a ɗauke shi ƙasa da abokan karatunsa ba, amma ya ce ya kammala ne cike da shakku kan abin da aka koya masa. Duk da haka, a wata wasiƙa ta 1638 ya shawarci wani uba ya kai ɗansa La Flèche, yana mai yaba koyarwar falsafa a can, da cuɗanyar samari daga sassan Faransa, da yadda malaman ke kusan daidaita ɗan babba da ɗan ƙarami. Abubuwan nan biyu da ya ɗauka a matsayin ribar zamansa, wato iya tuhumar abin da aka koya masa da iya zama da baƙo, babu gurbinsu a kundin malami, balle a takardar gasa.

6. Daga La Flèche zuwa lakwal

A 1762 babbar kotun Pari ta rufe kwalejojin Jezuwit da ke ƙarƙashin ikonta, dokar sarki ta 1764 ta rushe ƙungiyar a Faransa, fafaroma ya soke ta a 1773, ba a maido ta ba sai 1814. La Flèche ta koma makarantar share fagen aikin soja a 1764, a 1808 Napoliyon ya mai da ta Prytanée, sunan da muka sani a makarantar soja ta Yamai. Amma al'adun ƙarshen shekara ba su bi Jezuwit sun fita ba. Jami'ar Pari tana da babbar gasarta tsakanin kwalejoji tun 1747, kuma lise da aka ƙirƙiro a 1802, waɗanda da dama cikinsu suka zauna a tsoffin gine-ginen Jezuwit, sun riƙe kompozisiyon da jerin matsayi da rabon kyaututtuka. Ƙirgar azuzuwa daga sama ita ma ta zauna, shi ya sa yaronmu ke shiga kwaleji a aji na shida ya yi brebe a na uku. Ajin balaga bai rasa sunansa ba sai a gyaran 1902, lokacin da ya koma aji na ɗaya kawai.

Babban canji ya zo ne ta wajen lamba. A 1890 aka tsayar da maki daga 0 zuwa 20 don kompozisiyon a makarantun sakandare na Faransa. Maki abu ne da ake tarawa a raba, don haka matsakaicin maki ya samu, shi kuma ya zama mai yanke matsayi da kyauta, kuma ginshiƙin hukuncin wucewa. Abin da dokar 1599 ta raba, lissafi ya haɗa.

Wannan tsari ne ya iso Afirka ta Yamma ta Faransa, inda aka tsara ilimin boko da dokokin 1903. Ya kamata mu jaddada cewa a Nijar ta hannun gwamnatin mulkin mallaka ya shigo. Mishan ɗin Katolika bai kafu a Yamai ba sai 1931, kuma makarantunsa na sakandare, irin kwalejin Mariama da aka buɗe wa ƴan mata a farkon shekarun mulkin kai, sun bi manhaja da jarrabawar gwamnati, ɗalibansu kuma galibi Musulmi ne. Jezuwit kansu a maƙwabta suka riƙe kwalejoji, kamar Libermann a Duwala ta Kamaru da Charles Lwanga a Sarh ta Cadi. Ke nan gadon La Flèche ya zo mana ne a kaikaice, bayan ya ratsa hannun gwamnati. A Faransa, bayan tarzomar 1968, takardar umarnin minista Edgar Faure ta Janairu 1969 ta nemi a bar kompozisiyon da jerin matsayi. Maki bisa 20 ya dawo ba da jimawa ba, amma bikin kyaututtuka ya ja baya a yawancin makarantu. Ƙasashenmu, da suka riga suka sami mulkin kai a 1960, sun ci gaba da tsohon salon. Shekarun karatu da aka soke a Nijar cikin shekarun 1990 sun nuna nauyin da aka ɗora wa ƙarshen shekara: in bai samu ba, sai a lissafa watannin da yara suka yi suna karatu tamkar ba a yi su ba.

Kammalawa

Mun ga cewa a kwalejin La Flèche ƙarshen shekara ya amsa tambayoyi biyu ta hanyoyi biyu. Tambayar “wa ya fi?” an ba ta alƙalan da ba su san yaro ba. Tambayar “wa ya isa hawa?” an ba ta waɗanda suka san shi, aka kuma umarce su da su dubi aikinsa na watanni da shekarunsa da ƙwazonsa. Ba muna kira a koma ga tsarin da ya keɓe maza, ya fifita Latinanci kan harshen gida, ya kuma zubar da yara da yawa a hanya ba. Darasin da muke cirowa ya fi haka ƙanƙanta: cunkoson aji bai hana malaman ƙarni na 17 ware wa yaron da ke kan iyaka kulawa ta musamman ba, kuma majalisar malaman aji tamu ita ce magajiyar wannan kulawa, in har ba ta tsaya ga karanta matsakaicin maki kawai ba.

Ga masu nazarin tarihi kuwa akwai aiki a gabanmu. Abin da aka sani kan ɗaliban Faransa na da, daga rajistoci da kundayen malamai aka tono shi. Kwalejoji da lise na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, na gwamnati da na mishan, su ma sun cika rajistocin shiga da takardun sakamako da rahotannin majalisar malamai shekara da shekaru, kuma gara da ruwan damina ba su jiran mai bincike. Tattara su da jera su shi ne matakin farko ga duk ɗalibin da ke son rubuta tarihin yadda lakwal ta auna ƴaƴan ƙasar nan.